Yadda Ake Kafa Zauren Karatun Littafi a WhatsApp Har a Gayyato Marubuciya

Duk mai bibiyar littattafan Hausa a waya ya san irin zaurukan da suka cika WhatsApp. Mutum ɗari tara a ciki, ana ta jibgo littattafai dare da rana. Wannan ta ce a taimaka mata da littafi kaza daga farko har ƙarshe, waccan ta turo, a yi godiya, kowa ya watse. Ba mai tsayawa ta ce ga abin da ta gani a labarin, marubuciyar kuwa ba ta ma san ana yawo da guminta ba. Zauren da nake nufi daban yake. Mutane ne kaɗan suke ɗaukar littafi ɗaya su karanta tare, su ware lokaci su yi sharhinsa, daga ƙarshe su gayyato wadda ta rubuta shi ta amsa tambayoyinsu. A ganina irin wannan zauren adabinmu ya fi bukata yanzu. Marubuta sun yawaita, masu karatu sun ninka su, amma masu faɗa wa marubuci gaskiya cikin mutunci sun yi ƙaranci.

Mataki na farko: tara mutane kafin ki buɗe zaure

Kada ki fara da buɗe zaure ki watsa mahaɗinsa a Facebook kina jiran jama'a. Fara da tuntuɓar mutum biyar ko shida da kika san suna karatu da gaske, irin waɗanda in sun gama littafi bakinsu ba ya shiru. Ki yi wa kowacce magana ita kaɗai, ki gaya mata abin da kike son haɗawa, ki nemi ta kawo mutum biyu ko uku da za ta iya tsaya musu. Da haka za ki samu mutum sha biyar zuwa ashirin da biyar, kuma ya ishe ki farawa.

WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024 a zaure ɗaya, Telegram har 200,000, amma wannan ba abin da za ki yi buri ba ne. Da zarar an haura mutum hamsin, sai 'yan baki su mamaye fili, masu kunya su koma 'yan kallo. In kin ga ana ta neman shiga, gara ki buɗe zaure na biyu da nasa shugabannin.

Tun yanzu ki yanke shawarar ko na mata zalla ne ko za a gauraya. Ki tuna duk wanda yake cikin zauren WhatsApp yana iya ganin lambar 'yan'uwansa. Akwai matan aure da 'yan mata da ba za su shiga inda baƙon namiji zai ɗauki lambarsu ya bi su ta bayan fage ba, kuma suna da gaskiya. In za a gauraya, to a gaya wa kowa kafin ya shigo.

Mataki na biyu: saita zauren da raba aiki

Ki sa wa zauren suna gajere, ki rubuta manufarsa a wurin bayani da layi biyu ko uku. Sannan ki shiga saitin zauren ki gyara abubuwa uku. Ki kunna wurin da sai admin ya amince kafin sabon mutum ya shigo. Ki hana kowa canza suna da hoton zaure sai admin. Ki kuma lura da inda ake kulle zaure ya zama admin kaɗai ke iya magana, domin za ki riƙa amfani da shi da dare da kuma ranar da kuka yi baƙo. In mahaɗin ya fita waje ya faɗa hannun da ba ki so, akwai wurin sake shi, tsohon ya daina aiki nan take.

Kada ki riƙe komai ke kaɗai. Mutum uku sun isa: mai jan ragamar sharhi, mai tunatarwa da kula da doka, sai ma'aji in za a riƙa haɗa kuɗi. Ki zaɓi masu sanyin hali a kan masu yawan ilimi, saboda rigimar zaure haƙuri take ci.

Mataki na uku: dokoki

Dokoki masu tsawo ba a karanta su. Ki taƙaita, ki maƙala saƙon a saman zaure, ki riƙa sabunta maƙalawar tunda tana da wa'adi. Ga misalin abin da za ki iya rubutawa:

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan zaure na karatu ne da sharhi. Ba a turo littafin kuɗi (wanda marubuci yake sayarwa) a nan, ba a fitar da wanda muka saya. Ba talla, ba siyasa, ba saƙon tura wa mutum goma. Ana sukar labari, ba a taɓa mutuncin marubuci ko na 'yar'uwa. Kada a bi kowa ta bayan fage sai da izininsa. Wanda ya riga mu gama littafi ya riƙe ƙarshensa a cikinsa. Wanda ya yi wata biyu ba mu ji daga gare shi ba, za mu tuntuɓe shi, in babu uzuri mu ba wani gurbinsa."

Batun talla ki sassauta kaɗan. Da yawa daga cikin masu karatu 'yan kasuwa ne, masu sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin. In kin hana gaba ɗaya za a yi ta karya dokar. Ki ware musu rana ɗaya a mako, kowa ya tallata hajarsa, washegari a koma karatu.

Mataki na huɗu: zaɓen littafi da mallakarsa ta hanyar halal

A nan zauruka da yawa suke lalacewa tun ba su je ko'ina ba, don haka zan ɗan tsaya.

Kowa ya kawo sunan littafin da yake so, shugabanni su tace su rage uku, a jefa ƙuri'a da abin zaɓen da ke cikin WhatsApp. Kafin littafi ya shiga cikin ukun nan, dole ɗaya daga cikin shugabanni ta karanta shi ko ta ji daga bakin wadda ta amince da ita. Dalili biyu ne. Na farko, akwai littattafan da suka cika da batsa, kuma a zauren da uwa da 'yarta za su iya haɗuwa ba a so a buɗe irin wannan a tsakiyar jama'a. Na biyu, a tabbatar littafin kammalalle ne. Marubutan intanet shafi-shafi suke sakin labari, wani lokacin rashin lafiya ko haihuwa ko lalacewar waya ta tsayar da marubuciya watanni. In kuka ɗauki wanda ba a gama ba, zauren zai tsaya cak tare da shi.

Littafin farko ya zama gajere. Gajerun labarai ma sun fi dacewa da gwaji, irin waɗanda gasar Hikayata ta BBC Hausa take fitarwa tun 2016, waɗanda mata ke rubutawa kuma ake karanta zaɓaɓɓu a rediyo. Labari ɗaya ana gama shi a zama guda, kuma nan za ki gane su wa za su riƙa magana.

Sai batun samun littafin. In na kyauta ne da marubuciya ta ɗora a Wattpad ko a shafinta na Facebook, ki turo mahaɗin shafin nata kowa ya je can ya karanta. Kada ki kwafo rubutun ki zuba a zaure. Yawan masu ziyartar shafinta da masu yi mata magana a can shi ne ladan da take samu, kuma da shi take gane ana karanta ta.

In na kuɗi ne, ki nemi marubuciyar da kanta. Yawanci sukan sa lambar da za a tuntuɓe su da asusun banki a shafukan kyauta da suke fara saki. Ki gaya mata ku zaure ne na mutum kaza, kuna son kowa ya mallaki littafin, ko za ta yi muku ragi. Kada ki ɗora mata farashi, ki bari ta faɗa. In kun daidaita, ma'aji ta karɓi kuɗin kowa, ta rubuta sunayen waɗanda suka biya a fili, ta tura wa marubuciya, ta kuma nuna shaidar biya a zaure. 'Yan'uwa na Nijar ba sa iya turawa ta bankin Najeriya kai tsaye, sai a tambayi marubuciyar ko tana da wakili a can da ke karɓar sefa ta kamfanonin tura kuɗi irin su Nita ko Amana, ko kuwa za ta karɓi katin waya. In akwai wadda ba ta da hali a wannan watan, a biya mata a asirce, kada a ambaci sunanta.

Abin da ba zai yiwu ba shi ne mutum ɗaya ya saya ya raba wa talatin. Na san an saba, har wasu ba sa ganin laifi ne. Amma ki duba yadda ake rubuta littattafan nan. Mace ce da wayarta, tana dannawa da yatsa bayan ta gama girki ta kwantar da yara, ita ke sayen data, ita ke biyan kuɗin caji in babu wuta. Watanni take yi a kan labari ɗaya. Ranar da ta saki shafin ƙarshe sai ta tarar an haɗe shi an watsa a zauruka, wani ma ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Wannan cin haƙƙi ne a addini, a dokar ƙasa ma haka. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma rubutu yana zama mallakar mai shi tun daga lokacin da ya rubuta, ko ya yi rajista ko bai yi ba. Zauren da ya ce yana son adabi kuma yana cin gumin marubuta, ba shi da fuskar da zai gayyato su.

Kada kuma ku tsaya a littattafan waya kaɗai. Lokaci-lokaci ku waiwayi na da. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukkansu ba su da tsawo. Sai littattafan da aka yi ta bugawa a Kano daga shekarun 1980 zuwa na 1990, waɗanda manyan cikinku suka karanta a ɓoye a makarantar kwana. In an ɗora tsohon littafi kusa da sabo, 'yan zaure da kansu za su fara jin bambancin Hausar, su fara lura da inda sabbin marubuta suka ci gaba da inda suka yi sakaci.

Mataki na biyar: jadawali

Ki raba littafin gida huɗu, kowane mako kashi ɗaya, ki faɗi shafin da za a tsaya. Ki sa ranar sharhi guda a mako da lokaci tsayayye. Bayan sallar isha'i ya fi yi wa yawancin mutane, awa ɗaya da rabi ya isa. In kuna da 'yan ƙasashen waje ki lura da agogo. Nijar da Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya da Najeriya, Ghana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. A watan azumi ku tafi hutu ko ku rage, haka makon sallah.

Mataki na shida: zaman sharhi

Wannan shi ne zuciyar aikin. In mai jan ragama ta buɗe da "ya kuka ga labarin?", amsar da za ta samu ita ce "ya yi daɗi", "Allah ya ƙara basira", shi ke nan zama ya mutu. Sai ta shirya tambayoyi uku ko huɗu tun da rana, masu tilasta wa mutum ya koma cikin littafin. Misali: da ke ce a matsayin uwar yarinyar nan, za ki yarda da auren? Wane wuri ne kika ji marubuciya ta yi gaggawa? Yadda aka kwatanta zaman kotu ko asibiti, haka yake a zahiri? Akwai wanda aka zalunta a labarin amma marubuciya ba ta ba shi bakin magana ba?

Ta saki tambaya ɗaya, a ba ta minti ashirin, sannan ta saki ta gaba. Duk wadda ta ce abu ya burge ta ko bai yi mata ba, a nemi ta kawo wurin. Da wannan 'yar ƙa'idar kaɗai sharhi yake tashi daga yabo da kushe ya zama nazari.

Ki yi amfani da sana'ar mutanenki. In akwai ma'aikaciyar jinya, ita za ta faɗi ko ciwon da aka ɗora wa jaruma yana kama mutum haka. In akwai malamar Islamiyya, ta duba yadda aka kawo hukuncin saki ko rabon gado. 'Yar Damagaram ko Sakkwato ta faɗi ko Hausar da aka sa a bakin mutanen garinsu tasu ce. Irin wannan gyaran marubuta na gari suna neman sa ido rufe.

Masu shiru ki kira su da suna cikin ladabi: "Anti Wance, ba mu ji ta bakinki ba, ke da kika zauna da kishiya me kika gani?" Amma ki san wadda za ki yi wa irin wannan tambayar, kada ki tono wa wata ciwo. Saƙon murya a yarda da shi, don akwai masu zurfin tunani da rubutu yake yi musu wuya, sai dai kada ya wuce minti biyu. Masu rubutu kuma a nuna musu yadda za su sa Hausa a allon rubutun wayarsu, kamar Gboard, su samu ƙ da ɗ da ɓ. Ba daidai ba ne a zauna gyara wa marubuciya ƙa'idar rubutu alhali mai gyaran ba ta bambanta baƙi da baki.

Akwai abin da za ki shirya masa: rabuwar zaure gida biyu a kan taurarin labari. Wasu su bi bayan uwargida, wasu amarya, ko wannan saurayi da wancan. Yana sa armashi, kuma alama ce labarin ya kama mutane. Amma sau da yawa wadda take kare uwargidan littafi kanta take karewa, wadda take kare amarya ma haka. Da kin ji magana ta tashi daga "Hajiya ta cikin labari" ta koma "ku dai matan nan", ki sako tambaya ta gaba. In abin ya ƙi, ki kulle zaure na minti goma, ki bi kowacce ta bayan fage ki rarrashe ta. Kada ki yi wa babba faɗa a gaban yara.

In an tashi, wata ta taƙaita muhimman abubuwan da aka faɗa a saƙo ɗaya, domin waɗanda barci ko rashin caji ya hana su halarta. Ki adana waɗannan taƙaitawar, za su yi amfani a mataki na gaba.

Mataki na bakwai: gayyatar marubuciya

Ki tuntuɓe ta tun kuna tsakiyar littafin, kada ki bari sai ana gobe. Ki gabatar da kanki sosai, domin marubuta suna samun saƙonni barkatai. Ga yadda za ki iya cewa:

"Assalamu alaikum Anti, barka da warhaka, ya iyali? Sunana Wance, ina cikin masu kula da wani zauren karatu na mutum talatin. Wannan watan littafinki muke karantawa, kuma kowa ya saya ta hannunki. Muna roƙon in da hali ki ba mu awa ɗaya ranar da ta yi miki, ki amsa mana tambayoyi. Za mu turo miki su tun kafin ranar. Allah ya ƙara basira."

In namiji ne ki ce Malam, in babba ce ki ce Hajiya. In ta ce ba ta da lokaci, ki yi godiya ki tura mata taƙaitaccen sharhinku, kada ki matsa.

In ta amsa, ki tattara tambayoyi kwana uku kafin ranar, ki cire masu maimaita juna, ki bar kamar goma. Ki cire duk wadda ta shafi aurenta ko shekarunta ko nawa take samu, da masu neman ta kushe wata marubuciya. Amma kada ki cire masu suka. In zaure ya ga ƙarshen labarin bai gamsar ba, a faɗa mata, a gyara lafazi kawai: "Anti, wasunmu sun ga kamar an yi saurin yafe wa mijin, me ya sa kika zaɓi haka?" Ta fi amfana da wannan a kan yabo ɗari.

Ranar zama ki kulle zaure, ki shigo da ita ki ba ta matsayin admin na ɗan lokaci don ta iya magana. Ki gabatar da ita, ki riƙa sako tambaya ɗaya-ɗaya tana amsawa da rubutu ko murya, yadda ya fi mata sauƙi. Minti goma sha biyar na ƙarshe ki buɗe kowa ya gaishe ta. Ku haɗa mata ɗan abin sayen data, ko yaya yake, ku tura kafin ta tambaya. In kuna son yaɗa amsoshinta a waje, sai da izininta. Bayan an gama a yi mata rakiya da addu'a ta fita, domin in ta zauna dindindin bakin kowa zai yi nauyi ranar da za a soki littafinta na gaba ko na ƙawarta.

In matsala ta taso

Wadda aka tabbatar ta fitar da littafin da aka saya, a cire ta, a sanar da marubuciya, a ba ta haƙuri. Amma a tabbatar tukuna, kada a yi hukunci da zato. In zaure ya yi sanyi, yawanci littafin ne ya yi tsawo ko bai karɓu ba. Ku ajiye shi ku ɗauki gajere, babu dole.

Zumunci zai shigo da kansa. Za a yi haihuwa, a yi biki, a yi rashi, kuma za a so a haɗa gudummawa. Yana da kyau, sai dai kuɗin zumunci kada ya haɗu da kuɗin littafi, kuma kada a mayar da shi tilas. Adashi kuwa ki hana shi a zauren karatu ƙememe, don wadda ta ci ta gudu za ta tafi da zauren gaba ɗaya.

In kun yi watanni kun saba, waɗanda suke gari ɗaya su sa rana su haɗu ido da ido a gidan ɗaya daga cikin manya ko a ɗakin karatu na gari. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, rana ce mai kyau ta irin wannan haɗuwar. Kowacce ta sanar da gida inda za ta, a zo da littafin da aka fi jin daɗinsa a shekarar, a kuma zaɓi waɗanda za su karɓi shugabanci daga hannun na farko, a miƙa musu jadawali da dokoki da lissafin ma'aji.